Sitaci da Ɗaga Ƙarfe: Yaushe Ya Kamata A Ci?





Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa, duk wanda ya ji shi da farko zai ɗauka maganar 'yan wasa ce kurum, ba ruwan mai biro da takarda. To amma in muka duba wuraren da a ke ɗaga ƙarfe a biranenmu, ko gidan motsa jiki ne mai na'urori, ko kuwa bayan ɗakin kwanan ɗalibai ne inda aka zuba siminti a gwangwani biyu aka soka musu ƙarfe, mutum iri biyu za mu tarar. Na farko saurayi ne siriri, ya na son ƙirjinsa ya buɗe, damtsensa ya cika. Na biyu magidanci ne wanda ya shekara goma sha biyar a kan kujerar ofis, tumbi ya fito, likita kuma ya fara yi masa kashedi game da sukari da hawan jini. Saurayin nan an gaya masa wai in bai sha lemon kwalba cikin rabin awa bayan ya ajiye ƙarfe ba, wahalarsa ta tashi a banza. Magidancin kuwa an gaya masa wai duk tuwon da ya ci bayan Magariba kitse zai zama. Kowannensu ya na kashe kuɗinsa, ya na kuma takura wa cikinsa bisa maganar da bai san tushenta ba. Nufina shi ne mu bi waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya, mu ga wadda ilmi ya tabbatar da wadda ya rushe.

Sitaci da rumbunansa

Abincin da mu ke ci ya kasu kashi uku manya: mai gina jiki, watau furotin, kamar nama da kifi da ƙwai da wake, sai maiƙo, kamar man gyaɗa da manja da man shanu, sai kuma wanda masana su ke kira kabohaidiret. Wannan na uku shi zan riƙa kira sitaci don sauƙin magana, kuma na haɗa har da sukari a ciki. Shi ne ginshiƙin abincinmu: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, alkama, doya, rogo, dankali, sa'an nan rake da zuma da dabino da ayaba. Giram ɗaya na sitaci ya na ba da kalori 4, haka ma furotin, amma giram ɗaya na maiƙo kalori 9 ya ke bayarwa.

Idan tuwo ya shiga ciki, hanji ya kan farfasa shi har ya koma wani sukari mai suna gulukos, wanda ya ke shiga jini. Abin mamaki, duk gulukos ɗin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, watau cikin ƙaramin cokalin shayi. Ragowar sai jiki ya ƙulla shi ya adana, kuma wannan ajiya ita a ke kira gilaikojin. Wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya fara fitar da ita daga hanta a 1857.

Rumbu biyu ne a ke zuba wannan ajiya. Hanta ta na riƙe wajen giram 80 zuwa 100, tsokoki kuwa gaba ɗayansu su na riƙe wajen giram 300 zuwa 500, gwargwadon girman mutum da irin abin da ya ke ci. Akwai bambanci babba tsakanin rumbunan biyu, kuma ina roƙon ku riƙe shi domin za mu komo kansa. Hanta rumbun gandu ce: ta na fitar da gulukos zuwa jini domin kowace gaɓa, musamman ƙwaƙwalwa, wadda ke cin wajen giram 120 a yini. Saboda haka ne mutum ya ke wayar gari rumbun hantarsa ya yi ƙasa ƙwarai, ko da bai motsa ba. Tsoka kuwa rumbun gayauna ce: abin da ta tara nata ne ita kaɗai, ba ta da sinadarin da zai sake shi ya koma jini. Abin da cinya ta adana ba ya amfanin damtse, kuma barcin dare ba ya taɓa shi sosai.

Mai buɗe ƙofar rumbu shi ne insulin, sinadarin da Frederick Banting da Charles Best suka fitar a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. In an ci sitaci sai insulin ya ƙaru a jini, ya sa tsoka ta karɓi gulukos. Amma tsokar da ta yi aiki ta kan buɗe ƙofarta da kanta ko ba insulin, kuma bayan aikin ta kan daɗe ta na saurin amsa kiransa, har kwana ɗaya ko biyu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai tsoron ciwon sukari ya riƙi motsa jiki.

Inda maganar lokaci ta samo asali

A 1924 wasu likitoci suka auna jinin 'yan tseren dogon zango na birnin Boston a Amurka, suka tarar waɗanda suka fi galabaita sukarin jininsu ya faɗi. Da shekara ta kewayo aka ba wasunsu alewa su na sha a kan hanya, sai lamarin ya yi sauƙi. Amma babban ci gaba daga ƙasar Suwidin ya zo. A 1962 Jonas Bergström ya fito da wata allura wadda a ke tsakuro ɗan ƙanƙanin nama daga tsokar mai rai a auna. A 1966 shi da abokin aikinsa Eric Hultman suka yi gwaji a kan jikinsu: suka zauna gefe da gefe na keken motsa jiki guda, kowa ya na tuƙawa da ƙafa ɗaya har ta gaji liƙis, ɗayar kuwa ta na hutawa. Suka kwana uku su na cin sitaci mai yawa, sai ga shi ƙafar da ta sha wahala ta tara gilaikojin kusan ninki biyu na wadda ta huta.

A 1967 su biyun tare da Lars Hermansen da Bengt Saltin suka gwada mutane a kan keke bayan abinci iri uku. Bayan kwanakin cin nama da maiƙo zalla, mutanen sun jure minti 57 a matsakaicin lissafi. Bayan abinci gauraye, minti 114. Bayan abinci mai yawan sitaci, minti 167. Daga nan duniyar wasanni ta rungumi sitaci hannu biyu.

To, jama'a, ku lura da kyau: duk waɗannan gwaje-gwaje a kan masu gudu da masu keke aka yi su, mutanen da ke aiki awa biyu ko uku ba tsayawa. Kuskuren da aka yi daga baya shi ne ɗauko hukuncinsu aka ɗora wa mai ɗaga ƙarfe, alhali aikin ba iri ɗaya ba ne.

Me ɗaga ƙarfe ya ke ci daga rumbu?

Mai ɗaga ƙarfe ya kan ɗaga sau takwas ko goma a jere, wanda zan kira zubi ɗaya, sa'an nan ya huta minti biyu ko uku ya sake. A cikin daƙiƙa goman farko tsoka ta na dogara ne ga wani ɗan tanadi na gaggawa da ke cikinta, mai suna fosfokiriyatin, wanda ke sake cika a lokacin hutu. In zubin ya zarce haka, gilaikojin ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Saboda haka gaskiya ne sitaci shi ne babban makamashin wannan aiki. Kitse ba ya ƙonuwa da saurin da zai biya bukatar.

Sai dai tambaya ita ce, nawa a ke ci? Gwaje-gwajen da aka yi da allurar Bergström tun daga 1986 sun nuna cewa zaman ɗaga ƙarfe na al'ada ya kan rage gilaikojin ɗin tsokar da ta yi aikin da kashi 24 zuwa 40 cikin ɗari. Watau fiye da rabin rumbun ya na nan. Mai tseren dogon zango shi ke share rumbunsa. Mai ƙarfe ɗiba kawai ya ke yi. In kuwa ya ci abincinsa yadda ya saba, cikin awa 24 abin da ya ɗiba ya komo, tun ba ma da ya ke yawancin masu ƙarfe ba su maimaita tsoka ɗaya kwana biyu a jere ba.

Kafin a taɓa ƙarfe

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gilaikojin ɗin da tsoka za ta yi aiki da shi yau da La'asar, daga tuwon jiya da na shekaranjiya ya fito. Abin da aka ci awa ɗaya kafin aiki bai isa ya cika tsoka ba; amfaninsa shi ne ya tallafi hanta, ya daidaita sukarin jini, ya kuma kawar da yunwa.

A 2022 Menno Henselmans da abokansa suka tattara bincike 49 a kan wannan batu. Abin da suka fitar shi ne: mutumin da ya ci abinci cikin 'yan awoyin da suka wuce, kuma aikinsa bai zarce zubi goma a kan kowace tsoka ba, ƙarin sitaci ba ya ƙara masa ƙarfi. A wannan shekarar kuma wani bita na daban ya nuna inda sitacin ke da amfani: in zaman ya wuce minti 45, ko kuwa in mutum ya yi awa takwas ko fiye bai ci kome ba. A waɗannan halaye biyu mai cin sitaci ya kan iya ƙara yawan ɗagawa kafin ya gaji. Yawan ɗagawar nan kuwa, in ya taru mako bayan mako, shi ne ke gina tsoka.

Har wa yau, a Jami'ar Loughborough ta Ingila an yi wani gwaji mai ban sha'awa wanda aka buga a 2020. An ba masu ƙarfe karin kumallo mai kauri iri biyu, ɗaya da sitaci, ɗaya kusan babu kalori a ciki, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Duka biyun sun fi ruwa zalla amfani wajen ɗagawar tsuguno, kuma ba su bambanta da juna ba. Ashe wani kaso na raunin da mu ke ji da safe yunwa ce kawai, ba ƙarewar makamashi ba. Da ma an ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Hukuncin a aikace ke nan. Wanda zai yi aiki da yamma, abincin rana da ya ci awa biyu zuwa huɗu kafin nan ya wadatar: shinkafa da wake, ko ɗanwake da ƙwai, ko dambu da kifi. Wanda zai yi da sassafe bayan Asuba, ya samu abu mara nauyi rabin awa ko awa ɗaya kafin ya fara: kofin koko, ko ayaba ɗaya wadda ke ɗauke da wajen giram 25 na sitaci, ko dabino uku zuwa huɗu da kofin nono. A guji abinci mai yawan mai dab da aiki, domin maiƙo ya na jinkirta fitar abinci daga tumbi, sai mutum ya tsuguna da ƙarfe a kafaɗa ciki ya na masa nauyi. Akwai kuma mutanen da in sun sha zaƙi zalla rabin awa kafin aiki, sukarin jininsu ya kan hau ya faɗo da sauri, su ji jiri a farkon aikin. Mai irin wannan jiki sai ya ci da wuri, ko ya haɗa zaƙin da wani abinci.

Ana cikin aiki

A nan maganar gajeriya ce. Zaman da bai wuce awa ɗaya ba, ruwa kawai ya ke bukata. A ƙasa mai zafi irin tamu, musamman a watannin bazara, ƙishirwa ta fi ƙarancin sukari saurin karya mai ƙarfe. Sai in zaman ya yi tsawo ƙwarai, ko an haɗa shi da ƙwallo ko dambe ko kokawa, sa'an nan 'yan dabino ko ruwa mai ɗan sukari zai yi amfani.

Bayan an ajiye ƙarfe

Nan ne gardamar ta fi zafi. A 1988 John Ivy na Jami'ar Texas da ke Austin ya sa 'yan keke 12 suka yi aiki minti 70, ya ba su sitaci giram 2 ga kowane kilo na nauyinsu, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan awa biyu. Ya tarar jinkirin ya rage saurin cika rumbu da kusan rabi. A 2004 shi da Robert Portman suka wallafa littafi a kan lokacin cin abinci ga 'yan wasa, maganar ta bazu cewa akwai wata 'yar taga da ke buɗewa bayan aiki, in ba a zuba abinci ta cikinta da sauri ba sai ta rufe. Masu sayar da garin ƙarin kuzari kuwa suka samu kasuwa.

Binciken Ivy gaskiya ne, amma awa huɗu kaɗai ya duba. A 1997 wasu masana a Ostireliya suka maimaita irinsa suka jira, sai suka ga bayan awa 8, da kuma bayan awa 24, wanda ya ci nan take da wanda ya jinkirta awa biyu rumbunsu ya yi daidai. Saboda haka gaggawar ta shafi wanda zai sake gwada tsokar nan cikin ƙasa da awa takwas, kamar ɗan wasan da ke atisaye safe da yamma. Shi ne a ke ba shawarar ya ci giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo a kowace awa, har awa huɗu. Ma'aikacin da ke zuwa sau uku a mako ba ya cikin wannan lissafi.

Hujja ta biyu da a ke kawowa ita ce wai sukari ya na ta da insulin, insulin kuma ya na tura furotin cikin tsoka. An gwada wannan ma. A Maastricht ta ƙasar Holan a 2007, da kuma Jami'ar McMaster ta Kanada a 2011, an auna saurin ginuwar tsoka bayan ɗaga ƙarfe. A gwajin Kanada an ba samari giram 25 na furotin ɗin madara shi kaɗai, wani lokaci kuma tare da giram 50 na sitaci. Insulin ya tashi ƙwarai a karo na biyu, amma ginuwar tsoka ba ta ƙaru ba. Dalili kuwa shi ne furotin da kansa ya na ta da insulin gwargwadon da a ke bukata; abin da ya hau bisa wannan ba ya ƙara kome.

A 2013 Alan Aragon da Brad Schoenfeld suka sake bitar maganar tagar nan gaba ɗaya, suka nuna cewa faɗinta ya dogara ga lokacin da mutum ya ci abinci kafin aiki. In tsakanin abincin kafin aiki da na bayansa bai wuce awa uku zuwa huɗu ba, ko biyar zuwa shida in abincin farko mai nauyi ne, to babu abin da aka rasa. Ginuwar tsoka kuwa ta kan ci gaba har awa 24 zuwa 48 bayan aiki. Wanda ya kamata ya hanzarta shi ne wanda ya yi aiki da cikin wofi.

Abin da ya fi lokaci muhimmanci shi ne jimillar furotin a yini. Wani babban bita na 2018, wanda ya haɗa bincike 49 da mutane 1,863, ya nuna amfanin ya na ƙaruwa har zuwa wajen giram 1.6 ga kowane kilo a yini, daga nan sai ya tsaya. A nan ne abincinmu ya ke da rauni. Ɗalibin da ke rayuwa a kan garin rogo da taliya da burodi ba ya rasa sitaci ko kaɗan. Furotin ya ke rasawa. Kuɗin da zai sayi lemon kwalba gara ya sayi ƙwai, ko awara, ko ƙuliƙuli, ko ƙosai. Fura da nono kuwa, in ba a cika mata sukari ba, ta haɗa sitacin gero da furotin ɗin madara da ruwa a ƙwarya guda.

Mai son rage kitse

Yanzu mu koma kan magidancinmu. An ce masa insulin ne ke tara kitse, saboda haka ya guji sitaci. Gaskiya ne insulin ya na dakatar da fitar kitse daga ma'ajiyarsa na 'yan awoyi bayan cin abinci. Amma tsakanin abinci da abinci, da kuma cikin dare, kitsen ya na fita. Abin da ke yanke hukunci shi ne lissafin mako da wata: abin da ya shiga da abin da ya fita. A 2015 Kevin Hall ya ajiye mutane 19 masu ƙiba a ɗakin bincike a Amurka, inda a ke auna duk lomar da suka ci. Da aka rage musu sitaci insulin ya sauka, amma kitsen da suka zubar bai kai wanda suka zubar ba sa'ad da aka rage musu maiƙo da kalori daidai wa daida. Wannan gwaji na 'yan kwanaki ne. A 2018 kuma Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya buga sakamakon bin mutane 609 har shekara guda: masu rage maiƙo sun sauke kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6.0, bambancin da lissafi bai ɗauke shi a bakin kome ba.

Haka ma maganar motsa jiki da yunwa. Mai aiki da cikin wofi ya na ƙona kitse da yawa a wannan awa, amma jiki ya kan rama a sauran yinin. A 2014 Schoenfeld ya raba 'yan mata 20 gida biyu, duka a kan ragaggen abinci, wasu su na motsa jiki kafin karin kumallo, wasu bayansa. Bayan mako huɗu duka sun rage kitse, ba wanda ya fi wani.

Tuwon dare fa? Jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe bisa dare, wannan tabbas ne, kuma cika ciki dab da kwanciya ba shi da kyau ga barci ko ga mai ƙwannafi. Amma tuwo ba ya rikiɗa ya zama kitse don rana ta faɗi. Wanda ya ɗaga ƙarfe da La'asar, tsokarsa a buɗe ta ke da Magariba, kuma nan ne mafi yawan tuwon zai nufa. Illar ita ce malmala uku a inda ɗaya da rabi ta isa, ga shayi mai sukari cokali huɗu a bisa.

To ina amfanin lokaci ga mai rage kitse? Amfaninsa na tattali ne. Wanda ya rage abincinsa, sitacin da ya rage masa kaɗan ne, sai ya ajiye shi inda zai fi yi masa aiki, watau abincin da ke kafin ɗaga ƙarfe da wanda ke bayansa. Ta haka zai riƙe ƙarfinsa, ƙarfin kuma tare da isasshen furotin shi ke gaya wa jiki ya ƙona kitse ya bar tsoka. A kuma tuna awa guda ta ɗaga ƙarfe ba ta cika cin fiye da kalori 200 zuwa 400 ba, alhali kwalbar lemo guda ta na ɗauke da sukari wajen giram 35, watau kalori 140. Kwalba biyu sun kusa share aikin ranar. Kada kuma sikeli ya ruɗe mu: kowane giram na gilaikojin ya na riƙe ruwa wajen giram 3, shi ya sa wanda ya daina cin sitaci ya ke sauke kilo ɗaya ko biyu a makon farko. Yawancinsa ruwa ne, kuma zai komo ranar da tuwo ya komo.

Misali

Mu ɗauki mutum mai kilo 70 wanda ke aiki da ƙarfe biyar na yamma. Furotin ɗinsa giram 112 ne a yini, a raba sau uku ko huɗu. Masana su na ba masu ƙarfe shawarar sitaci giram 4 zuwa 7 ga kowane kilo. In mun ɗauki 4, ya zama giram 280. Sai ya ci 60 da safe, 100 da rana, 20 kafin ya fita, 100 da dare. Don a gane girman abin, giram 100 na dafaffiyar shinkafa ya na ɗauke da sitaci wajen giram 28. In gina jiki ya ke so kuma nauyinsa ya ƙi motsi, sai ya ƙara kaɗan. In kitse ya ke son ragewa, sai ya sauko zuwa giram 210, ya zabge 70 ɗin daga lemo da sukarin shayi da abincin da ya yi nisa da lokacin aiki, ya kuma rage mai a miya. Saukar da ta dace ita ce rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki a mako. Abin da ya fi haka sauri ya kan tafi da tsoka.

Watan azumi

A 2013 aka buga wani bincike daga Tunisiya a kan masu gina jiki 16 a watan Ramadan. Rabinsu su na aiki da yamma da azumi a bakinsu, rabi da dare bayan sun sha ruwa. A ƙarshen wata ba a ga bambanci tsakaninsu ba wajen nauyi ko kitse. Duk da haka, saboda zafin ƙasarmu, abin da ya fi sauƙi shi ne a sha ruwa da dabino da ɗan kunu, a yi aiki bayan awa ɗaya ko biyu, ko bayan Asham, sa'an nan a ci babban abinci. Mai son yi kafin shan ruwa ya rage nauyi da tsawon zaman, ya sa shi dab da Magariba. Sahur kuwa a haɗa shi da wake ko ƙwai ko nono.

Kammalawa

Kafin in zauna, wajibi ne in yi kashedi. Duk abin da na faɗa na masu lafiya ne. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, motsa jiki ya na iya faɗar masa da sukari har ya suma, saboda haka kada ya sauya abincinsa ko ya yi aiki da yunwa sai da shawarar likitansa. Haka ma mai ciwon ƙoda game da furotin, da mai hawan jini game da ƙarfe mai nauyi.

In an jera al'amuran nan bisa girmansu, na farko shi ne dagewa a kan aikin kansa, ana ƙara nauyi sannu a hankali. Na biyu jimillar abincin yini. Na uku isasshen furotin. Na huɗu barci. Lokacin cin sitaci shi ne na biyar, kuma ƙa'idarsa ba ta da wuya: kada a shiga aiki mai tsawo da yunwa, kada kuma a daɗe bayansa ba a ci abinci ba. Tsokar ɗan Adam ta kan fara raguwa tun daga wajen shekara talatin, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, ga wanda bai motsa ta ba. Ita ce kuma babbar ma'ajiyar sukari a jiki. Ɗalibin da ya gina ta yau, da ma'aikacin da ya tsare ta kafin ya yi ritaya, tanadi su ke yi wa tsufansu, kuma abincin da wannan tanadi ya ke bukata ya na nan a kasuwar unguwarsu.

 Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu yi aiki da abin da muka ji.